Wai da gaske kowace dabba bugu biliyan ɗaya aka ƙididdige wa zuciyarta?

Sagir: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a yi min dariya. Wata biyu ke nan da na fara gudun motsa jiki da safe. Agogon hannuna yana nuna bugun zuciya, in ina gudu sai in ga ya kai 160, in na matsa har 170. To jiya wani abokina ya ce wai kowace dabba mai shayarwa tana da adadin bugun da zuciyarta za ta yi a duniya, wajen biliyan ɗaya, da ya cika shi ke nan. Wai shi ya sa ɓera ba ya daɗewa, giwa kuwa ta yi ta kwasar shekaru. Ya ce ni da nake gudu kullum kasona nake cinyewa tun da wuri. A gabansa dariya na yi, amma wallahi yau da safe na ɗaura takalmi na sake kwancewa. Masana, a taimaka.

Nasiru Mai-Gardama: Wa alaikumus salam. Abokinka ya yi maka gata. Koma ka kwanta, mu da ba ma gudu ashe tattali muke yi.

Ummi: Kafin a fara musu bari in buga lissafin, don maganar ba daga iska aka ɗauko ta ba. Shekara ɗaya minti 525,600 ce. Ɓera zuciyarsa na bugawa wajen sau 600 a minti, in an kula da shi a keji ya kan yi shekara 3. Ka ninka, ka samu miliyan 946. Giwa wajen 30 a minti, shekara 65, ka samu biliyan 1 da miliyan 25. Kyanwa a ce 150 a minti, shekara 15, biliyan 1 da miliyan 180. Ni kaina ranar da na fara bugawa sai da na sake, na zaci na yi kuskure. Dabbar da za ka rufe a tafin hannu da dabbar da ta fi mota nauyi, amma jimillarsu kusan ɗaya.

Sagir: Kin gani ko, Anti Ummi. Ke nan gaskiya ya faɗa min.

Ummi: Tsaya mana ƙanena, ban gama ba. Buga naka. Mutum 70 a minti, a shekara miliyan 36 da dubu 800 ke nan. Da biliyan ɗaya ne kasonmu, da duk wanda ya haura shekara 27 a zauren nan ya riga ya tafi. Mai shekara 70 ya wuce biliyan biyu da rabi. Bafaranshiyar nan Jeanne Calment da ta rasu a 1997 tana da shekara 122, nata ya doshi biliyan huɗu da rabi.

Baba Ɗanjuma: Yaran nan ku ji tsoron Allah. Ajali a hannun Ubangiji yake. Jariri na mutuwa, ɗan shekara ɗari na zaune. Wane ne zai ƙirga wa mutum kwanansa da kalkuleta?

Malam Habibu: Allah ya ƙara girma Baba, babu wanda ya isa ya ce ga ranar wane. Abin da ake dubawa a nan tsarin halitta ne, kamar yadda kowa ya san akuya ba ta kai raƙumi daɗewa, kuma faɗin hakan bai zama shiga gaibu ba. Tambayar ita ce me ya sa.

Sagir, bari in ɗan yi tsawo, don na shekara ina koyar da wannan a aji kuma duk shekara sai an samu ɗalibin da ya tsorata irin yadda ka tsorata.

Fara da zafin jiki. Kusan duk dabba mai shayarwa tana riƙe da ɗumin jikinta, wajen digiri 36 zuwa 39 ga yawancinsu. Ƙaramin abu kuma ya fi babba saurin hucewa: zuba tafasasshen ruwa a cokali, ka zuba a babbar tukunya, ka ga wanne zai riga sanyi. Ɓera cokali ne, giwa tukunya. Dole kowace ƙwayar jikin ɓera ta riƙa ƙona abinci da sauri, wannan ƙonawa kuwa da iskar oksijin ake yin ta, jini ne ke kai ta. Ga inda abin yake da daɗi: girman zuciya a kusan duk waɗannan dabbobi ɗaya ne in aka gwada da jikinsu, kusan kashi 0.6 cikin 100 na nauyin jiki. Wato ba a ba ɓera zuciyar da ta fi ƙarfin jikinsa ba. To in famfo bai ƙara girma ba amma ana son ruwa da yawa, me ya rage? Sai ya ƙara sauri.

Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Max Kleiber, yana aiki a Kalifoniya, shi ne a 1932 ya nuna cewa ƙona abinci a jiki ba ya ƙaruwa daidai da nauyi, yana biyo baya ne. Abin da ke fita daga nan shi ne: duk lokacin da nauyin dabba ya ninka sau 16, bugun zuciyarta ya kan ragu da rabi, tsawon rayuwarta kuma ya kan ninka biyu. Ɗauki ɓera mai giram 30 da giwa mai kilo 4,800. Giwar ta ninka shi sau 160,000, wato 20 sau 20 sau 20 sau 20. Raba 600 da 20, ka samu 30, bugun giwa. Ninka shekara 3 da 20, ka samu 60, shekarun giwa. Ɗaya an raba da 20, ɗaya an ninka da 20, in ka haɗa su ai dole su kashe juna, jimilla ta tsaya wuri ɗaya. Biliyan ɗin daga nan ta fito. Abu biyu ne da kowannensu ke bin girman jiki, ba wai akwai wata ma'ajiya a ƙirji da ake ɗiba tana raguwa ba.

Dakta Rabi: Malam ya gama magana a kan lissafi, ni bari in faɗi yadda abin yake a kunne, tunda aikina ke nan da dabbobi. In ka ɗora abin sauraro a ƙirjin doki, bayan ƙafarsa ta gaba, ɓangaren hagu, za ka ji bugu ɗaya mai nauyi, sannan shiru, har ranka ya fara cewa ko ta tsaya ne, sai na biyu ya zo. Wajen 36 a minti. Ɓera kuwa ba a ƙirga shi da kunne. Ka riƙe shi a tafin hannu, abin da za ka ji kamar waya ce ke kaɗawa a aljihu, babu rata tsakanin bugu da bugu. Ranar da na fara riƙe ɗaya muna makaranta na zaci rawar tsoro yake yi, ashe zuciyar ce.

Amma Ummi, ƙara doki a lissafinki. 36 a minti, shekara 30, miliyan 568 kawai. Rabin na kyanwa. Da ma "biliyan ɗaya" ɗin da ake yawo da ita zagaye aka yi. Likitan zuciyar nan na Amurka, Herbert Levine, da ya yi rubutu a kan batun a 1997, adadin da ya kawo miliyan 730 ne, da ragi ko ƙari na miliyan 560. Ku dubi girman ragin da ƙarin. Kusan ya kai adadin kansa.

Nasiru Mai-Gardama: Yanzu dai ban da wasa. Malam, ban gamsu ba. Kun ce abu biyu ne suka haɗu kawai. To amma ruwa ba ya tsami banza. Injin da ke gudu da sauri ai shi ke riga lalacewa, kowane makanike ya san haka. Me zai hana jiki ya zama haka? Dabbar da ke ƙona abinci da sauri ta riga ƙonewa.

Malam Habibu: Malam Nasiru, ba kai ka fara wannan tunani ba, kuma manya ne suka riga ka. Bajamushe Max Rubner ya kawo shi a 1908, bayan ya gwada dabbobin gida ya ga kowane kilo na jikinsu kusan ƙarfi ɗaya yake ƙonawa a tsawon rayuwa. Raymond Pearl na Amurka ya faɗaɗa shi a 1928. An daɗe ana riƙe da shi. Abin da ya karya shi jemage ne.

Dakta Rabi: Ƙwarai kuwa. Akwai wani ɗan ƙaramin jemage a Saiberiya, bai kai giram 10 ba, wato ɓera ma ya ninka shi. An sa masa zobe aka sake shi, aka sake kama shi da ransa bayan shekara 41. Dabbar da in tana tashi zuciyarta na iya dosar 1,000 a minti. In da girman jiki da saurin bugu ne ke yanke hukunci, da shekara 2 ta yi masa yawa.

Nasiru Mai-Gardama: A'a Dakta, nan na kama ki. Jemagun ƙasashen sanyi ai barci suke yi duk tsawon hunturu, zuciyar ta koma 'yan bugu kaɗan a minti. Wata shida yana ajiya. Wannan ai hujjata ce ba taki ba.

Dakta Rabi: Ka yi gaskiya rabi, kuma ban ƙi ba, masu barcin hunturu sun fi daɗewa a cikin jemagu. To amma jemagun ƙasashe masu zafi da ba sa wannan barci fa? Akwai masu cin 'ya'yan itace da ke haura shekara 20 a tsare, gafiya da ta fi su nauyi ba ta zuwa ko kusa. Sannan ga ɓeran nan marar gashi da ke zama a ramuka a Habasha da Kenya da Somaliya. Girmansa girman ɓeran gida, zuciyarsa wajen 200 a minti, amma yana haura shekara 30. Ummi, buga mana.

Ummi: Biliyan 3 da 'yan kai. Ya ma wuce yawancin mutane.

Sagir: To ni yanzu kaina ya ƙara ɗaurewa. In ba bugun ba ne, me ke sa wata ta daɗe wata ta ƙi?

Malam Habibu: Dubi waɗanda suka karya ƙa'idar, ka ga me ya haɗa su. Jemage yana tashi sama, ba kowa ke kama shi ba. Ɓera marar gashi yana ƙarƙashin ƙasa. Beguwa tana da ƙaya, ita ma ta kan haura shekara 20 a tsare, alhali danginta ɓeraye ne. Giwa ta fi ƙarfin mafarauta in ta girma. Birai da mutum suna da ƙwaƙwalwa da zaman jama'a. Dukkansu dabbobi ne da ba a saurin cinyewa.

Ɓeran daji kuwa, mujiya na sama, maciji na ƙasa, kyanwa na gefe, ga yunwa ga sanyi. Yawancinsu ba sa cika shekara. Jikin da za a cinye cikin 'yan watanni, me zai amfana da tanadin gyaran da zai kai shi shekara 40? Irin da ya yi saurin balaga ya zuba 'ya'ya da yawa shi ne zai bar baya. Wanda ke da tabbacin kwana kuwa, gyaran jiki na biyansa, don zai yi ta haihuwa shekara da shekaru. Peter Medawar a 1952 da George Williams a 1957 su suka shimfiɗa wannan bayani.

Akwai gwajin da nake so ƙwarai. Steven Austad ya bi wata dabba ta Amurka da ake kira ofosum, mai ɗaukar 'ya'ya a jakar ciki. A babban yanki da ƙyar take wuce shekara 2, kuma tsufa ke kama ta farat ɗaya. Sai ya je tsibirin Sapelo da ke gaɓar jihar Jojiya, inda irin wannan dabba ta yi dubban shekaru babu manyan mafarauta. Ya tarar na tsibirin sun fi daɗewa, sun fi jinkirin tsufa, kuma 'ya'yan da suke haifa a ciki ɗaya ba su kai na babban yanki yawa ba. Ya wallafa a 1993. Dabba iri ɗaya ce fa, ba a canja mata zuciya ba.

Ummi: Malam, in ƙara ɗaya? Abin dariyar shi ne an sake samun wani "adadi ɗaya" a wani wuri. A 2022 masu bincike a cibiyar Sanger ta Birtaniya sun duba ƙwayoyin hanjin dabbobi masu shayarwa iri 16, suna ƙirga kurakuran da ke taruwa duk shekara a DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jiki. Ɓera kusan 800 a shekara, mutum 47. Ka ninka da shekarun kowanne, jimillar ta faɗo kusa da dubu uku. Raƙumin dawa da ɓera marar gashi, duk da tazarar girmansu, kusan ɗaya, kowanne ƙasa kaɗan da 100, kuma tsawon rayuwarsu ma kusa yake. Wannan ya fi min kama da inda gizo ke saƙa, don ya kama har waɗanda lissafin zuciya ya kasa kamawa.

Nasiru Mai-Gardama: Shi ke nan, gobe wani zai zo ya ce an ƙididdige wa kowa kurakurai dubu uku.

Ummi: Za a yi kuwa.

Baba Ɗanjuma: Ni duk a cikin zancen nan kifin nan na teku nake jira a ambata, wanda jikana ya ce zuciyarsa ta kai girman mota.

Dakta Rabi: Baba, ba kifi ba ne ma, wel dabba ce mai shayarwa, da huhu take numfashi. Zancen mota an ɗan ƙara gishiri, amma zuciyar shuɗin wel ta kai wajen kilo 180. A 2019 masu bincike daga jami'ar Stanford suka wallafa awon da suka yi, sun manna wa ɗaya na'ura a jiki a tekun Kalifoniya. In ya nutse neman abinci bugun ya kan sauka har zuwa 2 a minti, in ya taso shan iska ya haura zuwa 37. Ka ƙirga daƙiƙa 30 tsakanin bugu da bugu, Baba. Wanda ya fi kowa daɗewa a cikin masu shayarwa kuwa ɗan'uwansa ne mai ƙaton kai na tekun ƙanƙara, an ƙiyasta wasu sun haura shekara 200. A 2007 an kama ɗaya a Alaska da guntun mashin ƙarni na 19 a jikinsa.

Baba Ɗanjuma: Ikon Allah.

Sista Hauwa: Sannunku. Na karanta tun daga sama, kun yi yawo har teku kun bar yaro da takalmi a kwance. Sagir, saurara. A ce ma maganar abokinka gaskiya ce, lissafin ba ya bayansa. Wanda ba ya motsa jiki, zuciyarsa na 75 a minti, a yini bugu 108,000 ke nan. Kai in ka jure, bugunka na hutu zai iya sauka zuwa 55, don zuciyar ta ƙara ƙarfi, kowane bugu na tura jini fiye da da. Awa 1 kana gudu a 150, bugu 9,000. Sauran awa 23 a 55, bugu 75,900. Jimilla 84,900. Ko da an ƙara na zirga-zirgar yini ga kowannenku, kai ne da rara. Ɗan tseren keken nan na Sifaniya, Miguel Indurain, an ruwaito nasa na hutu 28 ne.

Kuma a tsakanin mutane akwai alaƙa ta gaske, ba zan ɓoye ba. A Kofenhagen ta ƙasar Denmak an bi maza kusan 2,800 na tsawon shekara 16, aka wallafa a 2013: duk ƙarin bugu 10 a minti a lokacin hutu ya zo da ƙarin haɗarin mutuwa na kusan kashi 16 cikin 100. Na hutu fa, ba na lokacin gudu ba.

Nasiru Mai-Gardama: To ai mun dawo gidan jiya. In ƙarancin bugu na tafiya da tsawon rai, a raba mana maganin rage bugu kowa ya huta.

Sista Hauwa: Wannan maganar taka ita nake tsoro, don akwai mai karantawa ya je ya ɗauki maganin mahaifinsa ya sha. An gwada abin da kake faɗa. Akwai magani mai suna ibabradin, aikinsa rage saurin zuciya kawai. A 2010 an ba masu ciwon gazawar zuciya, mutum wajen 6,500 ne a gwajin, ya rage musu yawan kwanciya asibiti. A 2014 aka gwada a mutum wajen 19,000 masu ciwon jijiyoyin zuciya amma zuciyarsu ba ta gaza ba. Bugun ya sauka, amma mutuwa da ciwon zuciya na farat ɗaya ba su ragu ba. Sau da yawa saurin bugu alama ce ta wani abu: zazzaɓi, ƙarancin jini, ƙishirwa, sigari, rashin barci, ciwon maƙoƙo mai sa jiki zafi, ko dai rashin motsa jiki. Ka danne alamar ka bar ciwon, me ka yi?

Kuma ba kowane jinkiri ne lafiya ba. Na taɓa karɓar wani dattijo da 'ya'yansa ke murna wai bugunsa 38 kamar na ɗan wasa, alhali sau biyu yana faɗuwa a banɗaki. Wayar lantarkin zuciyarsa ce ta samu matsala, sai da aka sa masa na'ura. Na babba a hutu 60 zuwa 100 ne. In ya yi ƙasa kuma ana jiri ko suma, ko kullum yana sama da 100 mutum na zaune, a je a ga likita.

Nasiru Mai-Gardama: Na sauka, Sista. Amma Dakta, saura ɗaya da ke ci min rai. Kun ce babba ya fi daɗewa. Me ya sa a karnuka abin ya juye?

Dakta Rabi: Wannan kam ka taɓo inda ake ta fama. Gaskiya ne, manyan karnukan nan da suka kai ɗan maraƙi da ƙyar suke kai shekara 10, 'yan ƙananan da ake ɗauka a hannu kuwa su yi 15. Ƙa'idar Malam tsakanin jinsi da jinsi take aiki, a cikin jinsi ɗaya sau da yawa ƙananan ne ke daɗewa, har a dawaki ana ganin haka. Mutane ne suka yi ta zaɓen iri har aka samu karen da ke ninka nauyin haihuwarsa sau da dama cikin shekara guda, kuma irin waɗannan sun fi kamuwa da sankarar ƙashi da ciwon zuciya. Bugun zuciyar babban kare da na ƙarami kuwa bai bambanta yadda mutane ke zato ba.

Sagir: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sista, yaya zan auna na hutun daidai? Agogon nan wani lokaci ba na yarda da shi.

Sista Hauwa: Da ka farka, kafin ka sauko daga gado. Yatsa biyu, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa. Ƙirga na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. Yi kwana uku a jere ka ɗauki na tsakiya.

Sagir: Barkanmu da safiya. Na auna, 62. Kafin in fara gudu agogon 74 yake nuna min. Na fita yau, na yi minti 40.

Baba Ɗanjuma: Ni ma na gwada. Sau uku ina ƙirgawa, kowanne daban, na ƙarshe ma kamar biyu nake ji suna bugawa tare.

Sista Hauwa: Baba, da wane yatsa kuka danna?

Baba Ɗanjuma: Da babban.

Sista Hauwa: Shi ne. Babban yatsa yana da nasa bugun, shi kuke haɗawa da na hannun. Ku sake da biyun nan gobe da safe, ku turo mana.